Shekarar da Muka Bi Gida-Gida

Autata Sadiya ce ta ja ni rubuta wannan babi, ko da yake ba ta san ta yi ba. Ta zo hutu daga inda take karatun digiri na uku, muna zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa, sai ta juyo mini da fuskar wayarta. Ta buɗe shafin nan na intanet da ke tara wa kowane mai bincike sunayen maƙalun da ya wallafa, yana kuma ƙirga sau nawa wasu masana suka ambace su a nasu rubutun. A aikinmu da wannan ƙirgen ake auna mutum. Ta nuna mini nawa, sannan ta nuna mini na wani abokin aikina da muka fara koyarwa tare a jami'a a Samaru, muka yi ritaya kusan tare. Nasa ya ninka nawa nesa ba kusa ba.

"Mama, kin fi shi iya aiki, kowa ya sani. Da Baba ya bar ki kin tafi Turai lokacin nan, da ba haka ba."

Na ajiye tiren. "Wa ya ce miki Babanku ne ya hana ni?"

"Haka ake faɗa. Ko Gwaggo na taɓa ji ta faɗa."

Ban ba ta amsa ba a ranar, don maganar ta fi ƙarfin hirar tsakar gida. Babanku, Allah ya jiƙansa, ba ya nan balle ya kare kansa, kuma ko da yana raye na san dariya kawai zai yi. Saboda haka zan faɗa muku yadda abin ya kasance, ku 'ya'yana duka, ku kuma ku faɗa wa 'ya'yanku.

Kun san ni ba likitar duba marasa lafiya ba ce. Aikina jini ne, a ɗakin gwaje-gwaje, kuma tun farko ciwon sikila na sa a gaba. Abin da ya dame ni shi ne yadda za ka ga yara biyu masu ciwo iri ɗaya, ɗaya ya yi shekara bai kwanta ba, ɗaya kuwa wata ba ya ƙarewa sai ƙasusuwansa sun tayar masa. Wannan tambayar ce ta haɗa ni da Dakta Uche, wadda kuke kira Anti Uche. Likitar yara ce, haifaffiyar Sabon Gari, mahaifinta tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Idan tana magana a bayan labule ba za ka taɓa cewa ba Bazazzagiya ba ce. Ita ke ganin yaran, ni ke ganin jininsu, kowannenmu yana riƙe da rabin labari. Da muka lura iyaye da yawa ba sa iya zuwa babban asibiti na Shika sai ciwo ya yi tsanani, sai ta samo mana aron ɗaki a bayan wani ƙaramin asibiti kusa da kasuwar Sabon Gari. Kowace Asabar muna can. Benci ɗaya ne a baranda, a kai za ka ga matar malami da mayafinta, ga Bayarabiya mai ɗinki, ga matar bakanike 'yar ƙabilar Ibo, kowacce da yaro mai ido ruwan ɗorawa ko kumburarren hannu a cinya. Sukan fara zama ba mai ce wa kowa komai. Bayan 'yan makonni sai ka ji suna koya wa juna yadda ake lallashin yaro ya sha ruwa da yawa.

Ɗibar jini ba ta zo mana da sauƙi ba. A lokacin jita-jita ta yi yawa a gari, wasu su ce ana sayar da jinin yara, wasu su ce tsafi ake yi da shi. Uche ta ce tunda ni ce mai ajiye shi, ni zan riƙa yi musu bayani. Sai na riƙa zama da kowace uwa, ina gaya mata da bakina cewa za mu auna jinin a nan Samaru, don mu gane abin da ya sa ciwon wani ya fi na wani tashi, kuma abin da ya rage yana cikin firizata, ba zai bar Zariya ba. Na faɗi wannan magana har ta zama kamar sallama a bakina. Suka yarda, suka miƙo hannuwan 'ya'yansu, shekara bayan shekara.

Ajiyar ma aiki ce. Idan aka ɗauke wuta ta daɗe, janaretan sashenmu kuma ya ƙi tashi, Babanku nake nema. Kun san likitan dabbobi ne a Shika. Zai zo da tsohuwar motarsa da kuloli cike da ƙanƙara, mu kwashe 'yan kwalaben mu kai firizar wurin aikinsa, su kwana kusa da allurar rigakafin shanu. Yakan ce jinin yaran Sabon Gari ya fi shi sanin hanyar Shika. Daga wannan aiki muka fitar da 'yan maƙalu a mujallun gida. Wannan karon sunana ya zo farko, karo na gaba na Uche, haka muke karɓa-karɓa ba tare da mun taɓa zama mun tsara ba. Masu karanta su ba su da yawa, masu ambatonsu sun fi ƙaranci, amma muna jin daɗinmu.

A shekarar da nake ba ku labari, na je wani taron masana a Legas na gabatar da aikinmu. Bayan na sauko, wani farfesa Bature ya biyo ni har wurin shan shayi. Shi ke jagorantar wani babban bincike da ke tattara jinin masu sikila daga ƙasashen Afirka don a duba ƙwayoyin gadonsu da injunan da mu sai a hoto muke gani. Abin da ya ja hankalinsa shi ne mun bi yara iri ɗaya tsawon shekaru, mun san tarihin ciwon kowannensu. Ya ce irin wannan ajiya ba ko'ina ake samunta ba. Bayan na dawo ya aiko da tayinsa: mu aika masa da jinin, ni kuma in je in yi shekara biyu a ɗakin gwajinsa, idan maƙalar ta fito sunana da na Uche su zo a sahun gaba. Ya ce zai iya jiranmu zuwa ƙarshen damina.

Ku da ba ku cikin wannan sana'a, ku fahimci girman abin. Maƙala irin wannan, a irin mujallar da za ta fito, duk wanda zai yi rubutu a kan sikila bayanta sai ya ambace ta. Sunanka ya shiga bakin mutanen da ba su san ma akwai wani wuri wai shi Samaru ba. Gayyata ta riƙa zuwa, ƙarin girma ya zo da kansa. Shugaban sashenmu da ya ji, tashi ya yi tsaye ya zagayo teburinsa don murna. Na gaya masa abin da na faɗa wa iyayen yaran. Ya ce wannan ba matsala ba ce, za a cire sunaye daga kwalaben, kwamitin da ke duba ɗa'ar bincike kuma yana da ikon ba da izini ba tare da an koma wa kowa ba. Gaskiya ya faɗa, ƙa'idar lokacin ta yarda. Ba mugun mutum ba ne, alheri yake so mini da sashen.

A gida na yi tsammanin a nan za a sha daga. Ku uku ne a lokacin, Sadiya ba ta daɗe da yaye ba, ga kakarku Iya tana zaune da mu. Na bari sai bayan la'asar, Babanku yana gindin mangwaro yana wanke takalmansa na shiga garke, Iya tana kan tabarma tana ɓare gyaɗa. Na faɗa musu, ina ta kewaye-kewaye. Bai bari na ƙarasa ba.

"Yaushe ne tafiyar?"

"Malam, shekara biyu fa aka ce."

"Na ji. Ni ma da na tafi nawa karatun, ke kika riƙe gidan. Ki fara neman fasfo."

Na juya wurin Iya, ina jiran ta ce wani abu a kan yara. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ni na raini ubansu, ga shi nan bai lalace ba sosai. Su ma zan iya. Ki dai sayo mini bargo mai nauyi, an ce nasu na can ba ya tsufa."

Kun ji bakin mutanen gidanmu ke nan. Babu wanda ya ce kada in tafi. Babanku da kansa ya kai ni ɗaukar hoton fasfo a Sabon Gari, ya tsaya a bakin shagon yana tsokanata wai in saki fuska kada Turawa su tsorata.

Abin da ya tsayar da ni ya faru ne ranar wata Asabar, ba kuma wani babban abu ba ne. Wata sabuwar uwa ta kawo 'yarta, yarinya siririya mai kitson zane. Na ɗaure mata dantse, na ɗauko allura, sai uwar ta dafa hannuna ta tambaye ni ina za a kai jinin. Kafin in yi tunani bakina ya riga ya ce mata yana nan Samaru, ba zai bar Zariya ba. Ta saki hannuna, ta gyara wa yarinyar zama. Na ɗebi jinin kamar kullum. Amma da na zo liƙa lamba a jikin kwalbar sai abin ya faɗo mini a rai. Duk jinin da ke cikin firizata, da wannan maganar aka sakar mini hannu na ɗebe shi.

Da muka tashi na ce wa Uche ina da magana. Muka zauna a motarta a bakin kasuwa, ta sayi gasasshiyar masara ta raba biyu. Na ce mata ba zan iya aika jinin ba sai mun koma mun tambayi masu shi. Ta sauke masarar daga bakinta.

"Asabe, yaran nan mutuwa suke yi. Ni ke rufe musu ido, ke kwalba kike gani. Injin da mutanen nan ke da shi, ni da ke za mu tsufa ba mu taɓa shi ba. Idan aka gano wani abu, 'ya'yan wa zai amfana?"

"Nasu. Shi ya sa nake ganin za su yarda idan mun tambaya."

"In kin san za su yarda, mene ne na tambayar?"

"Don na ce musu ba zai tafi ba."

Ta jefar da totuwar ta taga. Ta ce in tuna yawancinsu ba su da adireshi sai "bayan masallaci" ko "kusa da mai faci", wasu sun daina zuwa da daɗewa, damina kuma ba za ta jira mu ba. Sannan ta faɗi abin da ya fi yi mini nauyi. Ta ce ni ina da miji mai albashi da gidan jami'a, ita kuwa ita kaɗai ke riƙe da mahaifiyarta da ƙannenta, ta daɗe a kan matsayi ɗaya, wannan maƙalar ce ƙofarta. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, har yau kuma ban ce ta yi kuskure ba. Ta tayar da mota, ta kai ni tashar motar Samaru. Washegari da hantsi sai ga ta a ƙofar gidanmu, ta sa takalman roba, ta ce in fito mu fara da layukan bayan kasuwa.

Haka muka shiga bin gida-gida, bayan tashi daga aiki da ranakun hutu. Ruwa ya yi yawa a shekarar. Motar Uche ta sha maƙalewa a lungunan Dogarawa, mu bar ta mu tattare zannuwa mu taka. A kowane gida sai an shimfiɗa mana tabarma ko an jawo kujera, an kawo ruwa, an gaisa an sake gaisawa, kafin a zo kan magana. Kuma maganar ba ta gajarta, don sai ka bayyana mene ne ƙwayoyin gado da Hausar da tsohuwa za ta gane, Uche kuma ta sake bayyana shi da Ibo ko da Turancin kasuwa. Wani bakanike ya fito daga ƙarƙashin mota yana goge hannu, ya saurare mu, ya ce mu kai har duniyar wata in dai zai sa 'yarsa ta daina kuka. Wata mai ɗinki ta ce sai ta shawarci mijinta, mijin ya ce sai ya shawarci yayansa da ke Ilori, muka yi ta sintiri. Wani malami ya ƙi, cikin ladabi, ya ce ya ba mu ne don ya san inda zai same mu, waɗancan kuwa bai san su ba. Ya raka mu har bakin titi yana sa mana albarka. Mafi yawansu sun yarda. Amma tafiyar ba ta sauri.

Akwai kuma gidajen da muka yi sallama muka ambaci sunan yaro, sai gidan ya yi tsit. Yaran da a wurinmu "sun daina zuwa" ne kawai, ashe wasunsu sun rasu, a gida ko a hanyar asibiti, ba wanda ya zo ya gaya mana. A irin waɗannan gidaje ba ma fara maganar jini sai mun yi ta'aziyya mun sake dawowa wata rana. Uche ta san kowane ɗayansu da muryarsa.

Damina ta ƙare ba mu kai rabi ba. Na rubuta wa Baturen na roƙi ƙarin lokaci, na ce ko ya karɓi na waɗanda suka riga suka yarda. Ya amsa da mutunci. Ya ce abin da ke hannunmu bai kai yawan da lissafinsu ke bukata ba, masu ɗaukar nauyin aikin kuma sun tsayar masa da lokaci, don haka ya juya ga wata cibiya. A can ne abokin aikin nan nawa yake hutun bincike, ta haka ya shiga cikin aikin. Ban san yadda suka yi da iyayen nasu yaran ba, ba kuma zan yi masa zato ba. Mutum ne mai ƙwazo, abin da ya samu rabonsa ne.

Na kai wa Uche labarin a ofishinta. Ta karanta saƙon, ta miƙo mini, ta ci gaba da rubutun da take yi. Na tsaya kamar ɗalibar da ta yi laifi. Har na kama ƙofa sai ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"Ban huce ba, Asabe, kada ki ɗauka na huce. Gobe ƙarfe nawa za mu fita?"

Na ce mata ai babu sauran dalilin fita. Ta ce an fara gaya wa mutane magana, ba a barinta a rabi, kuma ita tana so ta san yaranta nawa ke raye.

Maƙalar Turawan ta fito bayan wasu shekaru. A tsaye na karanta ta a ɗakin karatu, daga farko har ƙarshe. Aiki ne mai kyau ƙwarai, ya kuma amfani masu ciwon, ba zan rage masa komai ba. Na ji zafi, ba na ɓoye muku. Ƙarin girmana ya yi jinkiri, waɗanda na koyar suka zo suka wuce ni. Shugaban sashe bai sake sa sunana a wani abin alheri ba har ya sauka. Ƙarin girman Uche ya fi nawa jinkiri, daga baya ma ta bar jami'a ta koma duba yara kawai. Wannan asarar tata da hannuna a ciki, ta sani, na sani, kuma ba ta taɓa yi mini gori ba bayan ranar nan ta cikin mota.

A nan ne maganar Babanku ta samo asali. Mutane sun kasa yarda cewa mace za ta ga irin wannan dama ta tsaya tambayar masu sayar da ƙosai. Sai aka fara cewa ai mijin ne ya hana. Maganar ta zagaya Samaru har ta shigo dangi. Raina ya ɓaci, na ce zan tashi a taron sashe in ƙaryata. Muna cikin mota a hanyar Shika da safe na gaya masa. Ya rage gudu saboda wasu shanu da ke tsallaka titi.

"Bar su. In aka ce miji ya hana, tausayinki za a ji. In aka ce ke kika ƙi, cewa za a yi kin raina shugabanki, ki ƙara shan wata wahalar. Ni me zai rage ni?"

"Amma ba gaskiya ba ne."

"Ni da ke mun san gaskiya. Kuma bari in gaya miki, da ni ne da na aika. Sai dai ba ni na yi musu alkawarin ba."

Haka ya ɗauki sunan mai tauye mata har ya koma ga Mahaliccinsa, yana ji ana faɗa a gabansa yana murmushi. Wannan shi ne ubanku.

Saura in ba ku labarin Talatu, don ita ce ƙarshen wannan shekara a wurina. Bayan an riga an rufe maganar Turai muka gano gidanta a can ƙarshen Dogarawa. Waina take soyawa a ƙofar gida. Ɗanta Lukman yana cikin yaranmu na farko-farko, yaro mai surutu, wanda idan za a ɗebi jininsa sai ya ce a bari ya ƙirga da kansa kafin a soka. Ɗan fari ne, don haka uwar ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce "yaron nan". Ya rasu tun kafin azumin da ya wuce. Muka yi ta'aziyya. Da muka koma karo na biyu na fara yi mata bayani, sai ta dakatar da ni.

"Dakta, kina nufin jinin yaron nan yana nan? Har yanzu?"

Na ce yana nan.

"Zan iya ganin shi?"

Ban taɓa kai uwa ɗakin gwajina ba, amma ban ga dalilin hana ta ba. Ta zo Samaru ranar wata Laraba da hantsi, ta sa atamfarta ta fita unguwa. A bakin ƙofa ta tuɓe takalmi, na ce ta mayar, ta ƙi. Na buɗe firiza, sanyi ya bugo mana fuska, na nemo lambarsa na ciro kwalbar. Ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, jinin ya daskare ya yi duhu. Na sa mata safar hannu, na ɗora mata a tafi. Ta daɗe tana kallonta. Ba ta yi kuka ba. Ta ce ba ta da hotonsa ko ɗaya, kayansa kuma ta rabar. Sannan ta miƙo mini.

"Ku aika da shi. Kullum maganarshi ke nan, in ya girma zai shiga jirgin sama. Ko Kaduna bai taɓa zuwa ba. Ya je."

Da ƙyar na iya gaya mata cewa lokaci ya wuce, mutanen sun samu a wani wuri. Na zaci za ta ji haushi. Sai ta dube ni, ta dubi na'urorin da ke kan tebur.

"To ku da kuka ɗiba, ku ba ku iya ba ne?"

Na ce mata ba mu da injin. Ta ce to Allah ya kawo, ta cire safar ta ninke ta da kyau ta ajiye mini a kan tebur.

Allah ya kawo, amma sai da furfura ta fara fito mini. Wasu abokan aiki a kudu suka samu irin injin, ƙarami, muka haɗa gwiwa da su. Jinin waɗanda suka ƙi da na waɗanda ba mu samu ba, mun zubar da shi yadda ƙa'ida ta tanada, ni da Uche muna tsaye. Na waɗanda suka yarda na ɗauka da kaina a kula, na hau jirgi daga Kaduna, kular tana kan cinyata. Aikin da ya fito ƙarami ne kusa da na Turawa, a mujalla matsakaiciya. Sunan Uche ne a farko, don karonta ne. Masu ambatonsa kaɗan ne, yawancinsu likitocin yara na ƙasashen da ke kusa da mu.

Da aka buga, muka ɗauki kwafi ɗaya muka tafi Dogarawa. Talatu ta manyanta, 'yarta ce ke suyar, ita tana zaune tana ba da canji. Ta gane mu tun daga nesa. Na gaya mata Lukman ya shiga jirgi, a kan cinyata. Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya, idanunta suka kawo ruwa. Ta karɓi takardun ta juya su, ba ta karatun boko balle Turanci, ta tambaya ina aka rubuta sunansa. Uche ta yi mata bayani cewa ba a sa sunan kowa, don a rufa wa yaran asiri. Sai na buɗe mata shafin da ke da zane, inda kowane yaro ya zama ɗigo ɗaya, wasu a cunkushe, wasu a warwatse.

"Yana cikin waɗannan," na ce mata. "Amma ko ni ban san wanne ne ba."

Ta matso da takardar kusa da idonta, ta bi ɗigogin a hankali. Can sama, gefe guda, akwai wani da ya ware shi kaɗai. Ta ɗora yatsarta mai maiƙon waina a kansa.

"Wannan ne," ta ce. "Dama ba ya zama wuri ɗaya."